Farantin Yashin Kakata

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ina 'yar firamare, ƙwaƙwalwar yaro kuwa takan haɗa ranaku biyu ta mai da su ɗaya. Mai yiwuwa na sa wata magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba. Na tambayi mahaifiyata wasu abubuwan, ta ce ba ta tuna ba, ko kuma dai ba ta son tunawa. Abu ɗaya ne ba na kokwanto a kansa, shi ne ƙanshin jiƙaƙƙen yashi idan an shanya shi a kan hita. Kwanakin baya na sayo yashi na shanya a flat ɗinmu na unguwar Fallowfield a Manchester, ƙanshin yana tashi sai na ji kamar Kaka za ta ƙwala mini kira daga falo.

Ga dalilin sayen yashin. Ina da tsohon ciki a lokacin, an ce mana mace ce, ni da maigidana muka yanke shawarar sa mata sunan kakata, mahaifiyar babana. Sai saƙo ya zo daga Birmingham, daga wurin surukata, cewa a sake tunani. Wai yaro yakan ɗauko halin mai sunansa, tsohuwar nan kuwa kowa ya san bugun ƙasa take yi. Shekaru sun shuɗe da rasuwar Kaka, ashe maganar ba ta mutu ba. Ni ba mai son jayayya ba ce, ko a uni ba na ɗaga hannu sai na tabbatar da amsa sau biyu. Amma wannan karon ba zan yi shiru ba. Kakata ba ta taɓa yi wa kowa duba ba. Lissafi take yi a kan yashi, kuma ni na zauna kusa da ita na gani.

Ta zo wurinmu daga garinsu, muna unguwar Moss Side, bayan rasuwar kakanmu, don a yi mata aikin gwiwa. Gidanmu irin na jeren nan ne, bango ɗaya da maƙwabta, bayan gida kuma akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, an daɓe shi da siminti, kwandunan sharar council sun cinye gefe guda. Babana injiniya ne, mahaifiyata tana aiki a asibiti wajen Oxford Road, saboda haka in na dawo makaranta daga ni sai Kaka. Hausata a karye take a lokacin. Baturiya take kirana, ni kuma in murguɗa baki, ta ce ko murguɗa bakin ma na Turawa ne.

Ranar da ta sauka, kafin ta sha ruwa, ta tambayi gabas. Babana ya ɗauko kamfas ya ajiye a tsakiyar falo ya nuna mata alƙibla. Da aka kai ta ɗakinta a sama, kusa da hita, allurar ta karkata wani wajen.

“Gabas ɗin taku yawo take yi?” in ji ta.

Babana ya yi mata bayani cewa ƙarfen hita ne yake jan allurar. Ta gyaɗa kai, ta yi sallarta inda ya nuna. Amma daga ranar kullum da safe sai ta ɗaga labule ta dubi sama. Rana take jira. Wanda ya san Manchester ya san irin jiran da ta ɗauko wa kanta.

Kafin rana ta samu, yashi ta fara nema. Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Jamaika, yana gyaran katangarsa, ta aike ni in roƙo mata ragowar yashinsa. Ya cika mini bokiti yana dariya, ya ɗauka gini za mu yi na wasa. Kaka ta baza shi a kan jarida ta ɗora a hita har ya bushe, ta tankaɗe shi da rariyar garin mahaifiyata, abin da mahaifiyata ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan, sannan ta zuba a babban farantin shayin da ake fitar wa baƙi. Ta shafe fuskarsa da gefen hannunta ya yi sumul. Ta sa ɗan yatsa ta fara rubutu.

Na leƙa na ga lambobi. Ba irin waɗanda nake gani a ƙasan shafin Alƙur'ani ba, sun fi kama da na makarantarmu, sai dai suna da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe.

“Kaka, ai lambobin Turawa ne waɗannan.”

“Na Turawa? Aro suka yi, Baturiya. Su ma waɗanda suka ara musu, aro suka yi.”

Mahaifinta malami ne, shi ake kira rabon gado da lissafin watanni a garinsu. Tun tana ƙarama ita ke shafe masa yashi in zai yi hisabi, a haka ta koya. Yakan kira aikin hisabul gubari, wato lissafin ƙura, wani lokacin kuma ya ce hisabin Hindu. Yadda ake yinsa, in ban manta tsarin ba, shi ne a rubuta lamba ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In an ninka gida guda, sai a goge lambar da ke wurin a rubuta sabuwa a gurbinta, a goge ta ƙasa gaba ɗaya a matsar da ita taki ɗaya, a sake. Haka za a yi ta shafewa ana rubutawa har sai amsa ta rage ita kaɗai. Inda babu komai sai a yi ɗan zagaye. Kaka takan ce sifiri kamar ɗakin wanda ya yi tafiya ne, ba kowa a ciki, amma ba a rushe shi.

Na koya da sauri, don wasa na ɗauke shi. Har ya ja mini magana a makaranta, malamarmu ta rubuta a littafina cewa in riƙa nuna yadda na kai ga amsa, domin na fara goge aikina ina barin amsa tsirara. Da na gaya wa Kaka ta yi dariya har da tari. Ta ce takarda tana da arha a ƙasar nan shi ya sa.

Rana ba ta samu yadda take so ba sai da sanyi ya wuce, gwiwarta ta warke, kwanaki suka yi tsawo har muna cin abincin dare da haske a waje. Wata Asabar gari ya waye tas babu gajimare. Ta fito da ni bayan gida, ta zuba ruwa a daɓen don ta ga inda ya kwanta bai gangara ba, nan ta zaɓa. Ta kafa siririn sanda a cikin curin ƙullun fulawa ya tsaya cak. Ta ɗaura zare, ta ja da'ira kewaye da shi da allin makarantata. Da safe inuwar sandan doguwa ce, ta wuce da'irar. Muka zauna a bakin ƙofa muna kallo tana guntulewa sannu a hankali, har kanta ya taɓa layin allin. Ta ce in sa alama. Bayan azahar inuwar ta fara tsawo ta ɗaya gefen, da ta sake taɓa layin na sake sa alama. Ta miƙa zare tsakanin alamomin biyu.

“Ga gabas, ga yamma. Wannan ba ruwanta da hita.”

Ta ce sunanta da'irar Hindu, haka mahaifinta ya karanta a littattafansa. Sai dai da ta gwada da inda muke fuskanta in za mu yi salla, ta ga mun karkata kudu da gabas sosai. Abin ya dame ta. A gida, in ka sami gabas ka kusa samun alƙibla. Da babana ya dawo ta nuna masa. Ya ɗauko lemo, ya sa ɗigo uku da biro, nan garinsu, nan Makka, nan can sama Manchester, ya ja zare a bayan lemon. Ta karɓa ta jujjuya shi ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da'ira ta ba ta gabas, ɗanta ya ba ta Makka, ta ɓare lemon muka sha. Ban taɓa ganin babana yana murmushi irin na ranar ba.

Daga nan ta shiga wani aikin. Mahaifinta ya sa ta haddace yawan takun inuwar mutum a lokacin azahar da la'asar, wata bayan wata. A nan ƙidayar ta ƙi aiki sam. Ta ce ranar ƙasar nan ba ta hawa tsakiyar sama, rakuɓewa take yi kamar baƙuwa. Ba wai ta ƙi jadawalin sallar da ke manne a firji ba ne, da shi take salla. So take ta gane dalili. Duk ranar da rana ta leƙo sai ta fita ta auna inuwarta da ƙafa, diddige a kan yatsa, ta dawo ta zauna gaban faranti.

A irin wannan rana ce wata hajiya daga Birmingham, ƙawar mahaifiyata, ta zo mana ziyara. Ta bi ta kicin ta hango da'ira da sanda a tsakiya, ga tsohuwa tana taka inuwarta tana motsa baki. Ta shigo falo ta tarar da faranti, daidai lokacin da Kaka ta dawo ciki ta sa hannu ta shafe abin da ke kai, don haka aikin yake. Yanzu da na girma na gane yadda abin ya bayyana a idonta. Mai bugun ƙasa ma da yashi yake aiki, shi ma yana zanawa yana shafewa. Ba na ganin laifinta a kan zaton farko. A kan abin da ya biyo baya nake gani.

Ina kan matakala ina jin su. Ban ji duka ba, kuma ba zan ƙara abin da ban ji ba. Na dai ji hajiyar ta sassauta murya ta ambaci ɗanta da wata matsalar takardu, ta ce ko Kaka za ta ɗan duba mata. Na ji Kaka ta ce, “'Yata, gaibu na Allah ne. Wannan hisabi ne, ilimin Hindu. In kina da lambobi kawo.” Hajiyar ba ta gama shan shayinta ba ta tafi.

Ba a yi wata guda ba magana ta zaga ta dawo. A Islamiyyar Asabar wata yarinya ta matsar da jakarta daga kusa da tawa, ta ce mamanta ta ce kakata tana da aljanun Indiya. Matan da ke turo roba a cika musu dambun Kaka suka daina turowa. Wayar mahaifiyata ta yi ta ƙara, tana shiga kicin ta rufe ƙofa, ta fito idonta ja. Ita ce a tsakiya, ga uwar miji ga ƙawaye, kuma ban taɓa jin ta ɗaga wa Kaka murya ba.

Babana ne ya yi magana, bayan sallar la'asar wata Lahadi. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kansa a sunkuye.

“Inna, don Allah, ko ba za ki daina ba, ki bar cewa na Hindu ne. Ki ce ilimin Larabawa ne, na malaman Musulunci. Ai ba ƙarya ba ce.”

“Rabin gaskiya ce.”

“Mutane ba sa ganewa, Inna. Da sun ji Indiya sai su tuna masu zobe da laya.”

“To su koya. Kai da ka yi digiri, in aka kankare sunan makarantarka daga takardarka za ka yarda? Ubana ya faɗa mini malaminsa, malaminsa ya faɗa masa nasa, har Magriba, har Bagadaza, har mutumin da ya taso daga ƙasar Hindu da littafin taurari a hannunsa. Waɗanda suka karɓa daga gare shi sun fi ni salla, sun fi ka, ba su ji kunyar faɗin sunan ƙasarsa ba. Sai ni zan ɓoye, don wata mai shan shayi rabi? Wanda ya ɓoye malaminsa ɓarawo ne.”

Babana bai sake tayar da maganar ba. Ya dai roƙe ta ta riƙa shigar da farantin ɗaki in an yi baƙi. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Bayan Babbar Salla mutanenmu na Birmingham suka yi taron da suka saba, a wani zaure da suka kama haya. Muka tafi a mota. Kaka ta rungume wani abu naɗe a zani, da robar ice cream a kan cinyarta. Babana ya ɗauka abinci ne. Ni na san ko mene ne.

Ɓangaren mata cike yake, ƙanshin turare da na masa, yara suna guje-guje tsakanin kuloli. Da muka shiga hira ta ɗan lafa, aka gaishe ta gaisuwar nesa. Ta bari aka gama cin abinci. Sannan ta sauko daga kujera da gwiwar nan tata, ta zauna a ƙasa a tsakiyar zauren, ta kwance zani, ta juye yashi a faranti ta shafe.

“Salamu alaikum, 'ya'yana. An ce ina duba. To ga farantin, ga yashin, ga ni. Wata ta ba ni lamba biyu in ninka mata, kowa ya ga abin da nake yi.”

Ba wadda ta motsa. Wata ta janyo ɗanta ta riƙe. Na ji an ce a'uzu billahi daga baya. Wata babbar mace ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, nan ba wurinsa ba ne.”

“A waya ne wurinsa?” in ji Kaka.

Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Ban san yadda aka yi na tashi ba. Na je na durƙusa gefenta na faɗi lambar gidanmu da lambar bas ɗin da ke kai mu Oxford Road, su ne kawai suka zo mini. Ta dube ni, ta turo mini farantin.

“Ke yi, Baturiya.”

Na yi. Yashi yana maƙale mini a gumi. Na rubuta na goge, na matsar na sake, ina faɗin kowane mataki da karyayyar Hausata kamar yadda ta koya mini, har amsa ta rage ita kaɗai. Kaka ta ɗaga kai ta ce duk mai kalkuleta a wayarta ta duba. Wayoyi suna nan a hannuwa, ina ganinsu. Ba wadda ta duba. Ta jira, sannan ta sa gefen hannu ta shafe, ta mai da yashinta cikin roba ba ta zubar da ko ƙwaya ba.

Da zan so in ce muku daga ranar bakin mutane ya mutu. Bai mutu ba. Cewa aka yi har jikar ta koya wa. Ni kaina har yau ban san ko amsar da na samu daidai ce ba, domin lissafin ƙura ba ya barin shaida. Kaka ta koma gida kafin sanyi ya sake shigowa, ta ce ta gaji da rana mai rowa. A can ta rasu ina sakandare. Mahaifiyata ta juye yashin a gindin katanga, ruwa ya wanke da'irar, farantin ya koma aikin shayi.

Lissafi na karanta a uni, kuma ba zan ce ba saboda ita ba ne. A shekarar ƙarshe na ɗauki darasin tarihin lissafi, na yi ta zama a laburare ina neman abin da zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta. A shirye nake da duka biyun. Ni ba masaniyar tarihi ba ce, kuma masanan ma suna da saɓani a kan wasu wuraren, don haka zan faɗi abin da na fahimta kawai. A farkon zamanin Abbasiyawa wani masani ya zo Bagadaza daga yankin Hindu da ilimin taurari na mutanensa, aka fassara shi zuwa Larabci, jadawalan taurari na farko da malaman Musulmi suka tsara sun jingina da shi sosai kafin littattafan Girkawa su yi rinjaye. Lambobi tara da sifiri ma daga can suka zo, Larabawa da bakinsu suka kira su na Hindu. Da'irar da muka ja a bayan gida tana nan a littattafai da sunan da Kaka ta faɗa. Malaman Musulunci sun ɗora nasu a kai, mai yawa, har lissafin alƙibla da ya gagari da'irar. Faɗin inda suka samo tushe bai rage musu komai ba.

Abin da ya sa na rufe littafi na fita waje shan iska shi ne wannan. Wani marubucin lissafi a Dimashƙa, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya koka cewa mutanen kirki suna ƙyamar allon ƙura domin ana ganinsa a hannun masu duban taurari a bakin titi, shi ya sa ya nemi hanyar yin aikin da tawada da takarda. Ashe zargin da aka yi wa kakata a Birmingham ya girme ta, ya girmi ubanta. Ba ni da hujjar da zan tabbatar da jerin malaman da ta lissafa wa babana, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Amma inda ta ce hanyar ta faro, nan ta faro.

Surukata tana cikin zauren nan ranar. Ban san haka ba sai bayan aurena. Da saƙonta ya zo, maigidana ya ce ko mu nemi wani sunan don a zauna lafiya, sunaye ai suna da yawa. Na kwana biyu ina juya maganar. Ni da ko kallon idon surukata ba na iya yi, sai ga ni a shagon kayan gini ina sayen yashi. Da ta zo duba ni, na gaishe ta, na kawo mata ruwa da abinci, sannan na ajiye farantin a gabanta na durƙusa da cikina da ƙyar.

“Mama, ki yi haƙuri, rashin kunya zan yi yau. Ki ba ni lamba biyu.”

Ta dubi farantin, ta dubi ɗanta, shi kuma ya dubi silin. Can ta faɗi wasu lambobi manya, da gangan, ta ciro wayarta. Na yi aikin. Na faɗi amsa. Ta duba waya.

“Ba daidai ba ne. Aljanun ba su fito aiki ba yau?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi na goge komai, ba inda zan duba in ga kuskuren. Na shafe yashin na fara daga farko, a hankali, ina faɗin kowane mataki. Wannan karon ta daɗe tana kallon wayar.

“To, lissafi ne,” in ji ta. “Amma bakin mutane fa, 'yar nan?”

“Mama, mutanen nan an ba su dama su duba, ba su duba ba. Ke kin duba.”

Ba ta ce na yi gaskiya ba. Ta ce suna dai na uba ne, ita ba ruwanta, ta kuma ce in tashi daga durƙuson nan kafin in haihu a kan kafet.

An raɗa wa yarinyar sunan Kaka. Wasu daga Birmingham ba su zo suna ba, abincinsu ya yi saura muka raba wa maƙwabta. Babana da ya karɓe ta ya ce, “Sannu da dawowa, Inna,” ya juya fuska bango. Surukata tana kiranta Hajiya Ƙarama. Ko girmamawa ce, ko gudun ambaton sunan ne, ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

Yanzu waya ce ke nuna mana alƙibla, ba mai jiran rana. Gidan Moss Side wasu ne a ciki, an ce sun rufe bayan gidan da katako. Ban ce a koma lissafi a yashi ba, ni ma da kwamfuta nake aiki. Amma farantin yana kan kabad, kuma in yarinyar nan ta kai shekarun wasa da ƙasa zan koya mata, zan kuma gaya mata daga inda ya zo, tun daga kan mai sunanta har ƙasar Hindu, ba zan tsallake kowa ba.

Da yawa daga cikin matan da suka zauna a zauren nan suna raye, wasu za su karanta wannan. Ina roƙonku, in na kuskure lokaci, ko na canza maganar wata, ko na manta wadda ta ce wani abin alheri ranar ban ji ba, ku aiko mini ta hannun mahaifiyata, zan gyara da godiya. In kuma akwai wadda Kaka ta taɓa yi wa duba, ta fito ta faɗi ranar da abin da aka gaya mata, a gaban mutane, ba a waya ba. Wadda kuma ta riƙe lambar gidanmu da ta bas ɗin nan, ta duba a ɓoye bayan mun tafi, don Allah ta gaya mini ko na samu daidai.